Rana Tana Kan Tasawa, Mahukunta Suna Duban Mosko

A watan Satumba na 2025, a wani babban taro da aka yi a birnin Mosko, ministan ma'adinai na Nijar, Usman Abarshi, ya bayyana cewa ƙasarsa tana son gina injunan nukiliya biyu masu ƙarfin megawat 2000, tare da kamfanin Rosatom na gwamnatin Rasha. Wata biyu kafin wannan jawabi an riga an rattaba hannu a Yamai kan takardar fahimtar juna tsakanin ɓangarorin biyu. Labarin ya yi wa mutane da yawa daɗi, kuma ba abin zargi ba ne. Wanda ya shekara hamsin yana kallon arzikinsa na haska gidan wani, dole ransa ya yi fari ranar da aka ce masa nasa gidan ma zai haskaka.

Sai dai murna ba ta kunna fitila. A gundumomin Tasawa da Mayahi, inda ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da miliyan ɗaya, tambayar da mai injin niƙa da mai walda da unguwarzoma suke yi guda ce: yaushe? A Nijar baki ɗaya mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki, a karkara kuwa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Duk shirin da ba zai iya gaya wa mutumin Urafan ko na Isawane shekarar da kuran zai shiga gidansa ba, jawabi ne kawai. Abin takaicin shi ne maganin da ya fi kusa, ya fi kuma araha, wani haifaffen Tasawa ya nuna shi tun fiye da shekara hamsin da suka wuce. Aka ɗauki sunansa aka sa wa jami'a, aka jingine aikinsa.

Wayar da ta taso daga Katsina

Kafin a yi gardama a kan gobe, ya kamata a san inda wutar yau take fitowa. Tun 1994 wata babbar waya ta taso daga Katsina ta sauka a Gazawa, daga nan ta rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Maraɗi, ɗaya ya nufi Damagaram. Jihar Maraɗi a kan wannan igiya take rataye, har da Tasawa da Mayahi. Yamai ita ma tata wayar daga Birnin Kebbi take zuwa tun 1976. Kafin 2023, wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar da kamfanin Nijelek ke rabawa sayo ta ake yi daga Nijeriya.

An daɗe ana kiran wannan dabara, domin wutar maƙwabta ta fi ta injin gazuwal araha nesa ba kusa ba. Amma a farkon watan Agusta na 2023, kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta kashe makunni bisa takunkumin ƙungiyar CEDEAO, ba ta maido ba sai a watan Maris na 2024. Wata bakwai ana raba wuta unguwa-unguwa, mai ƙanƙara yana kallon jarinsa na narkewa, ma'aikaci yana zaune gaban kwamfuta a kashe. Ko da a ce wuta ta yi rara a Yamai a lokacin, babu babbar wayar da za ta kai ta Maraɗi, domin an gina layukan ƙasar gunduwa-gunduwa: na bakin kogi daban, na tsakiya daban, na Agadas daban, na Difa daban.

Wanda ya ce siyasa ce kaɗai ta jawo wannan, to ya tuna watan Oktoba na 2024. Babu takunkumi a lokacin, amma manyan layukan da ke kai wuta arewacin Nijeriya suka lalace, Kano da Katsina suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Wutar da ba ta iso Katsina ba, ta wace hanya za ta iso Gazawa? Hausawa sun gama magana da suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Babu mai musun wannan a Nijar yau. Saɓanin da ya rage shi ne wane gatari hannun ƙasar zai iya ɗagawa.

Kukan gaskiya ne, maganin ne bai dace ba

Masu goyon bayan nukiliya suna da hujja mai nauyi, kuma zalunci ne a raina ta. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, an kuma haƙa a Akuta daga 1978 har zuwa 2021. Faransa, wadda kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga nukiliya yake fitowa, ta sha daga wannan rijiya shekara da shekaru. Jori Hamani yana cikin neman ƙarin farashi sojoji suka kifar da shi a watan Afrilu na 1974. Da aka karɓe izinin Imuraren daga hannun kamfanin Orano a 2024, aka kuma mayar da Somair mallakar ƙasa a 2025, jama'a da dama sun ji an share musu hawaye. Ita kanta nukiliya ba abar rainawa ba ce: tana ba da wuta dare da rana, rani da damina, ba ta hayaƙi, kuma inji ɗaya yakan yi shekara sittin yana aiki.

To amma mai gonar auduga ba shi ne mai riga ba. Garin da ake fitarwa daga Arlit ba a zuba shi a inji haka nan. Cikin ɗanyen yuraniyom, nau'in da ke ba da wuta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Sai an sarrafa shi, an tace shi ya kai kashi uku zuwa biyar, an ɗura shi cikin sanduna, kuma ƙasashen da ke da masana'antar wannan aiki da yatsu ake ƙirga su. Ranar da Nijar ta gina injin, abincin injin daga waje zai zo, kayan gyara daga waje, bashin ma daga waje. An tashi ke nan daga dogaro da makunnin Katsina an koma dogaro da na Mosko.

Sai kuma lissafin kuɗi, wanda ɗan kasuwa ya fi kowa ganewa. Masar ta ƙulla yarjejeniya da wannan kamfani na Rasha a 2015 don gina tashar Daba'a mai injuna huɗu. Ba a zuba sumuntin farko ba sai 2022, kuma ba a sa ran wutar injin farko kafin 2028. Kuɗin aikin ya kai wajen miliyar 30 na dalar Amurka, miliyar 25 daga ciki bashi ne. In aka canza shi zuwa sefa ya haura miliyar 15,000, alhali kasafin kuɗin Nijar na 2025 gaba ɗayansa wajen miliyar 3000 ne. Wato ko an hana malamai albashi, an hana soja abinci, an rufe gidajen likita shekara biyar cur, da ƙyar a haɗa kuɗin tasha ɗaya irin ta Masar. Wa zai ba da wannan bashi, kuma me za a jinginar masa? Ma'adinin da aka yi murnar karɓowa jiya?

Ko da kuɗi sun faɗo daga sama, akwai abin da kuɗi ba sa gyarawa da sauri. Ƙa'idar da masana suka yarda da ita ita ce kada inji guda ya wuce kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin layukan ƙasa, domin ranar da ya tsaya kwatsam sai komai ya ruguje. Buƙatar Nijar duka ba ta kai megawat 500 ba ko a tsakiyar bazara, inji ɗaya na Daba'a kuwa megawat 1200 ne. Ga kuma batun ruwa, domin tashar nukiliya ruwa mai yawa take buƙata don sanyaya inji. Ta Kuberg a Afirka ta Kudu, wadda ke aiki tun 1984, a bakin teku take, haka ta Masar. Nijar kogin Isa gare ta, kuma dattawan Yamai ba su manta watan Yuni na 1985 ba, lokacin da ruwansa ya daina gudu. Wasu za su ce ai akwai ƙananan injuna na zamani. Akwai, amma waɗanda ke aiki a duniya ƴan kaɗan ne, a Rasha da Sin, kuma ƙasar da ke ƙirga kuɗin alli ba ita ya kamata a yi gwaji a kanta ba.

Tubalan da aka aza a baya

Mutanen Nijar ba yau suka fara jin alkawarin wuta ba. Tun shekarun 1970 ake maganar madatsar ruwa ta Kandaji. Tanja Mamadu ya aza tubalinta a watan Agusta na 2008. Wani kamfanin Rasha aka fara bai wa aikin, aka soke kwangilar a 2013 saboda aiki ya ƙi tafiya. A 2019 aka sake ƙaddamarwa da kamfanin ƙasar Sin, shi kuma ya dakatar a watan Agusta na 2023. Duk wannan a kan megawat 130 ne, kuma a kan fasahar da duniya ta ƙware a kanta fiye da shekara ɗari. A 2014 Mahamadu Isufu ya aza tubalin tashar gawayin ƙasa ta Salkadamna a jihar Tawa, aka ce megawat 600, shekara goma suka shuɗe ba ta haska ko ɗaki ɗaya ba.

Wanda bai gama katangar gidansa ba cikin shekara goma sha biyar, in ya ce zai gina bene mai hawa ashirin, maƙwabta suna da haƙƙin su tambaye shi da me. Kuma a ce ma an gina. Tsakanin Yamai da Tasawa kusan kilomita 800 ne, kuma tasha komai girmanta ba ta dasa turken waya a Korgom ko a Gidan Amumun. Ciwon karkara ciwon raba wuta ne: turaku, wayoyi, da gidan da zai iya biyan kuɗin shigar da ita.

Matsayin gawayi da man fetur

Akwai masu cewa a bar mafarki, a ƙona abin da ke hannu. Su ma suna da gaskiyarsu. Hayaƙin da Nijar ke fitarwa bai taka kara ya karya ba a ma'aunin duniya, kuma Jamus, da iskar gas ta Rasha ta yanke mata a 2022, tashoshin gawayinta ta sake tayarwa ba tare da neman izinin kowa ba. Babu wanda ke da bakin yi wa Mayahi wa'azi a kan hayaƙi. Tarihin Sonishar ma darasi ne: an kafa kamfanin a 1975, a 1981 tasharsa ta Anu Araren ta fara ba da wuta a tsakiyar hamada, domin ma'adinan Arlit na buƙata. Inda mai ƙarfi ke son wuta, shekara shida sun isa.

Laifin mai a nan tsada ne. Matatar Soraz tana aiki tun 2011 a arewacin Damagaram, amma wanda ya taɓa riƙe injin wuta ya san yadda yake cin riba. Lita ɗaya ta gazuwal wajen kilowat uku take bayarwa, kuma a farashin da aka tsayar a 2024, sefa 618, kowane kilowat ya haura sefa 200, dala arba'in ke nan, tun ba a sa kuɗin gyara ba. Shekaru da dama man ƴan ruwa-ruwa ne ya rufa wa masu ƙananan injuna asiri, har ranar 29 ga Mayu na 2023 da Bola Tinubu ya cire tallafi, araha ta ƙare. A watan Maris na 2025 kuma ƙasar da ke tura ɗanyen mai ta bututu har gaɓar tekun Benin ta wayi gari ana dogon layi a gidajen mai. Saboda haka mai yana da matsayi, amma matsayin mai gadi ne: a tashe shi da dare, ko ranar da hazo ya rufe sama, ko ranar da waya ta yanke. Mai gadi ba ya zama maigida.

Haifaffen Tasawa

Ranar 26 ga Yuni na 1929 aka haifi Abdu Mumuni Joffo a garin Tasawa. Ya yi karatun kimiyya a Faransa har ya kai ƙololuwa. Shi ma ya je Tarayyar Sobiyet a farkon shekarun 1960, amma ilmin makamashin rana ya je ƙarowa. Ya kafa ɗakin binciken hasken rana a Bamako, sa'an nan ya dawo gida ya shugabanci ofishin Onersol daga 1969 zuwa 1985. A hannunsa aka ƙera na'urorin dafa ruwa, da na tace ruwa, da murhun girki, duk da zafin rana, kuma a Yamai aka ƙera su da hannun ƴan ƙasa. Ya rasu a watan Afrilu na 1991, a 1992 aka sa wa jami'ar Yamai sunansa.

A zamaninsa masu raina wannan aiki suna da uzuri, domin allon da ke mayar da haske lantarki tsada gare shi ƙwarai. Wannan uzuri ya mutu. Tsakanin 2010 da 2020 farashin allunan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari, na batir ma ya bi sahu. A 2024 kaɗai Pakistan ta shigo da alluna masu ƙarfin wajen megawat 17,000, kuma yawancinsu magidanta da manoma da masu masana'antu ne suka saya da kuɗinsu, don sun gaji da jiran gwamnati.

Ba sai an je Pakistan ba. Tashar Malbaza mai megawat 7 tana nan tun 2018. Ta Goru Banda mai megawat 30, wadda ta ci wajen miliyar 20 na sefa, ta fara ba da wuta a watan Nuwamba na 2023, a tsakiyar takunkumi. Da kuɗin Faransa da Tarayyar Turai aka gina ta, amma da zumunci ya ɓaci babu wanda ya iya kashe makunninta daga Faris ko daga Abuja. Wannan shi ne ƴancin kai da ake iya aunawa: allo sau ɗaya ake sayensa, abincinsa kuwa kowace safiya yana sauka kyauta a kan tudun Mayahi.

Raunin rana

Mai faɗin gaskiya dole ya faɗi aibin abin da yake so. Rana tana faɗuwa a daidai lokacin da gidaje suka fi neman wuta. Ƙurar hunturu tana rufe allo, zafin bazara yana rage masa ƙarfi, batir kuma yana mutuwa, marar kyau ma tun bai shekara biyu ba. Kasuwanni sun cika da alluna waɗanda ƙarfin da aka rubuta a bayansu ƙarya ne, kuma akwai garuruwa da yawa inda fitilun titi na sola suke tsaye a mace, domin wanda ya dasa su ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ba a ware ko dala ɗaya ta gyara ba. Babbar masana'anta irin ta sumunti ba za ta rayu a kan rana kaɗai ba.

Duk wannan gaskiya ne, amma kowane ɗaya yana da magani a nan gida: batir mai inganci, injin gazuwal na ko-ta-kwana, wayar Katsina in ta samu, da yaron da aka koya wa goge allo da duba waya. Kuma a duba irin aikin da karkara ke nema. Ɗaga ruwa daga rijiyoyi masu zurfi, niƙan gero, matsar man gyaɗa da riɗi, ban ruwa a kwarin Gulbin Kaba, walda, ɗinki, firijin allurar rigakafi: mafi yawansu aikin rana tsaka ne. Famfon sola ma ba ya buƙatar batir, tankin ruwa shi ne ma'ajiyarsa.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a gina wa Tasawa da Mayahi kowace tashar sola mai megawat kaɗan tare da batir, a haɗa su da layin Gazawa, ta yadda in Katsina ta yi shiru asibiti da famfo da kasuwa ba za su tsaya ba. Wannan aikin watanni ne in an ba da kuɗi.

Na biyu, garuruwan da ke da kasuwar mako, irin su Kanambakashe da Maijirgi da Urafan da Cake, a duba su ɗaya bayan ɗaya. Inda waya ta isa a ƙarfafa ta da rana, inda ba ta isa ba a kafa ƙaramar tasha ta gari, a ɗora ta a kan masu sana'a waɗanda za su iya biya. An kafa hukumar Anper tun 2013 don wutar karkara. Ta fito da jerin garuruwa da shekarun da za a kai musu, a manna a ƙofar kowace ma'aikatar magajin gari.

Na uku, a tsare ƙofa. Allo da batir marasa inganci su tsaya a duwan, kuma kada a karɓi wani aikin sola daga hannun ɗan kwangila sai da kuɗin gyara na shekaru a rubuce. Ma'aikatun gwamnati su ma su riƙa biyan kuɗin wutarsu a kan kari, domin kamfanin da ba a biyansa ba ya dasa turke.

Na huɗu, alhazan Maraɗi da na Tasawa, waɗanda suka iya kawo kaya daga Dubai da Sin, su daina kallon wuta a matsayin kyautar gwamnati. Haja ce, kuma masu sayenta suna nan sun fi miliyan. Haƙƙin hukuma ne ta ba su doka mai tsayawa da farashi bayyananne.

Na biyar, ba a hana kowa karatun nukiliya ba. A tura ɗalibai, a ƙarfafa hukumar da aka kafa don haka, wataƙila jikoki su ci moriya tare da maƙwabta. Amma duk takardar da za ta ɗora wa ƙasa bashi a buga ta kowa ya karanta: nawa ne, ruwan bashin nawa ne, me aka jinginar, ina za a binne sharar. Yuraniyom kuwa a sayar da shi da daraja ga wanda ya fi taya shi, a ware wani kaso sananne a sayi turaku da wayoyi da alluna. Ta haka ne Arlit za ta haska Isawane tun masu jiran suna da rai.

Ranar 26 ga Yuni na 2029 Abdu Mumuni zai cika shekara ɗari da haihuwa. Babu shakka za a yi taro a Yamai, a karanta jawabai, a yaba masa. Babu injin nukiliyar da zai tashi a Nijar kafin wannan rana, masu alkawarin ma sun sani. Tashar sola a Tasawa da ta Mayahi kuwa za su iya tashi, har lokaci ya yi saura. In ranar ta zo garin da aka haife shi yana jiran makunnin Katsina, unguwarzoman ƙauyen Mayahi tana karɓar haihuwa da tocila a baki, to masu jawabi su taimaka su bar sunansa ya huta.